Sunan da Ya Rage a Bakin Inna Ummu

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunsu a unguwar Birni, hancinsa ya riga idonsa sanin gidan Ummul Khairi. Turaren wuta take haɗawa da humra, sana'ar da ta gada wajen kakarta, wata Babarbariya da aka ce ko tsintsiya ta riƙe sai ta yi ƙamshi. Amaren Damagaram da yawa da ƙamshin hannunta suka shiga ɗakin miji. Amma in ka tambayi mutanen unguwa abin da suka fi saninta da shi, ba turare za su fara ce maka ba, baki za su ce. Inna Ummu, kamar yadda kowa ke kiranta, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai Allah ya hore mata harshe. Mai ga-ruwa in ya kawo mata jarka ba a cike ba, zai ji tarihin kakansa kafin ya sauke ta biyu, sa'an nan ta dama masa fura ya sha. Mijinta, marigayi Mai Nasara baduku, yakan ce shi bai ga dalilin sayen rediyo ba, tunda yana da wadda ba ta cin pil.

Kalma ɗaya ce tak ba ta taɓa fita daga wannan baki ba, ita ce sunan ɗanta na fari.

Haka ta tarar ana yi, haka ta riƙe. Tana da shekara goma sha tara ta je goyon ciki Zermu wajen uwarta, ta haifi namiji, aka raɗa masa Mahamud. Ranar suna tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ko kallon jaririn ba ta yi a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta riƙe shi, can ya girma, can ya yi noma, can ya yi aure. Ita kuwa ta laƙaba masa Ɗan Zermu, shi ke nan. Duk wani yaron unguwa da aka sa wa wannan suna, a bakinta ya zama mai sunan Ɗan Zermu. An taɓa zuwa ƙidayar jama'a, malamin ya ce ta lissafa 'ya'yanta, ta lissafa huɗu tiryan-tiryan, ta ce na farkon ya je ya tambayi maƙwabta. Matan yanzu da ke ƙwala wa ɗan fari kira a tsakiyar titi, har su rungume shi, ita a ganinta idonsu ne ya bushe.

Kada wani ya ɗauka ba ta son sa. Kowace Alhamis yakan kawo hatsi kasuwar Dole, in ya gama ya biyo gida. Tun da safe take ɗebe masa dambu mafi kyau ta rufe da faifai, wanda ya taɓa kuwa ya shiga uku. In ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango, ta juya wajen autarta Wasila, wadda ke zaune da ita tun rasuwar Mai Nasara.

"Ki tambayi Ɗan Zermu ko ya ci abinci."

Shi kuma, ga shi taku biyu daga tabarmarta, sai ya dubi Wasila ya ce, "Ki ce mata ban ci ba tukuna." Haka suka yi shekaru, Wasila tana tsakani kamar tafinta a gaban alƙali, ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

Ciwon ya same ta wata Talata da hantsi, cikin bazara, tana da shekara sittin da biyu. An daɗe ana ce mata tansiyonta, wato jininta, ya hau, ta sha magani, tana cewa hayaniyar 'yan unguwa ce kawai. Tana juya turare a kan wuta muciya ta suɓuce daga hannunta na dama, ta sunkuya za ta ɗauka, sai ƙasa ta taso ta tarye ta. Aka kwashe ta sai asibiti.

A rana ta uku ta farka sosai, maƙogwaronta a bushe. Wasila na gefen gado. Aliya, ƙanwar marigayi Mai Nasara, na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Mahamud na tsugune a bakin ƙofa, ya bar gona da iyali ya zo. Inna Ummu ta san abin da take so sarai, ruwa take so, kalmar na nan a cikin kanta ƙarara. Ta buɗe baki ta ce, "Mahamud."

Ita kanta ta ji abin da ta faɗa. Ta yi sauri za ta gyara, za ta ce a'a, ruwa nake nufi.

"Mahamud. Mahamud."

Aliya ta saki carbi ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Wannan ba Ummu ba ce. Wallahi ba ita ba ce."

Mahamud ya miƙe a hankali ya fita, don ya rage wa uwarsa kunya. Ita kuwa ta juya fuskarta bango, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ɓarin jikinta na dama da ya mutu bai yi mata zafi kamar wannan ba.

Da aka sallame ta aka koma gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, don mace ce mai jama'a. Kowa ya shigo sai ya sunkuya ya ɗaga murya a kunnenta, sai ka ce kurmancewa ta yi. "Inna, ya jiki?" Ta tattara ƙarfinta za ta ce da sauƙi, sai sunan ya fito. Wata ta yi salati, wata ta share hawaye, wata kuma, Allah ya yafe mata, ta cusa dariya cikin mayafi. Aliya ta riga ta yanke hukunci: iska ce, don mace mai hankali ba ta faɗin sunan ɗan fari. Aka kawo rubutu, Inna Ummu ta sha da zuciya ɗaya, ai sunan Allah ne. Aka kawo hayaƙi mai warin tsiya aka turara ta, ita da ta yi shekara arba'in tana koya wa gari ƙamshi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ake hirarta a kanta, tana zaune tana ji. Ana cewa ta zautu, ana cewa ba ta gane kowa, alhali ko wadda ta zo da zanen aro ta gane ta.

Sai ta yi shawara da zuciyarta. An ce magana zarar bunu ce, to ita yanzu duk wanda ta zara guda ɗaya ne ke fitowa, wanda bai kamata ba. Ta rufe bakinta ruf. In tana son abu ta nuna da hannun hagu. Ko salla ta daina motsa leɓe, don tsoron kada ta tsaya gaban Ubangiji da sunan ɗanta a madadin Fatiha. Mako bakwai ba a ji muryarta ba, gidan ya koma kamar na makoki. Aliya ta ce alhamdulillahi, iskar ta fara sauka.

Ashe maganin yana cikin gwangwanin kajijin da take haɗa turare da shi duk wannan lokaci. Ranar sallama likita ya ba Wasila takarda biyu. Ɗaya ordinas ce ta ƙwayoyi, ɗayar kuma an rubuta wata doguwar kalma ta Faransanci an buga hatimi. Wasila ta yi lakwal har ta iya karatu, ta haɗa baƙaƙen ta ga ortofoni, ta ɗauka sunan magani ne. Ta kai wani shagon magani, mai shagon ya juya takardar sama da ƙasa, girman kai ya hana shi cewa bai sani ba, ya ce ya ƙare, sai an kawo daga Yamai. Ta koma sau biyu ana ce mata bai iso ba. Ta gaji ta ninke takardar ta jefa cikin gwangwani.

Ranar randebu, wato ranar da aka ce su koma asibiti, aka turo Inna Ummu a keken marasa lafiya gaban likita. Ya auna jininta, ya ɗaga hannunta ya sake, ya dubi Wasila.

"Kun je ortofoni?"

"Ba a samu ba, lokotoro. An ce sai daga Yamai."

Likita ya ajiye biro ya riƙe kai. "Madam, ba a kwalba take ba. Aiki ne, mutum ke yin sa. Ga ɗakinta can bayan na masu motsa jiki, bai fi taku hamsin daga nan ba."

Inna Ummu ta dubi 'yarta. Da bakinta na aiki, da ranar Wasila ta ji abin da ba za ta manta ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ga shi ya ci musu mako bakwai.

Ɗakin ƙarami ne, da tebur da madubi da taga mai kallon wata bishiyar dogon yaro. Mai ɗakin sunanta Rifkatu, 'yar Sabon Gari, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da ɗan gicciye a wuyanta. A Lome ta yi karatun aikin. Ba ta fara da takarda ba. Ta zagayo ta durƙusa gaban keken, ta dubi tsohuwar ido cikin ido, da murya irin wadda ake yi wa mai lafiya.

"Ina kwana, Inna? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Wasila.

"Ba ke na gaida ba, 'yar'uwa. Ke ma taki na zuwa."

Ta jira. Inna Ummu ta ɗago ta dube ta. Rabon da a gaishe ta a jira amsarta tun kafin ta faɗi.

Mahamud, wanda ya turo keken, ya yi gyaran murya. "Madam, a yi mini haƙuri, ni ban yi lakwal ba. Wai mene ne ortofonin nan?"

"Ka yi tambaya mai kyau, Malam," in ji Rifkatu. "Sunan aikin ne a Faransanci, su ma aro shi suka yi daga harshen Girkawa. Rabin farko yana nufin daidaita abu, rabi na biyu murya. In ka so ka ce gyaran magana. Mai yin sa, kamar ni, ana ce mata ortofonis. A takardar lokotoro da jikin ƙofar nan kawai za ka ga kalmar, mutanen gari cewa suke za su wajen mai gyaran magana. Ba ƙwaya, ba allura. Yaro mai in'ina nan ake kawo shi, da wanda ya yi jinkirin buɗe baki, da babba irin Inna da ciwo ya toshe wa hanyar magana, har wanda haɗiya ke yi wa wuya. Zama ne da maimaici, sai haƙuri." Ta juya wajen Wasila. "Ba ta cewa komai ko kaɗan?"

Wasila ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Da tana faɗin… suna ɗaya. Sai ta daina."

"Sunan wa?"

Wasila ta saci kallon yayanta. Rifkatu ta bi idonta, ta dubi mutumin mai furfura a gemu, ta dubi tsohuwar da ta kau da kai.

"Kai ne na fari?"

Ya gyaɗa kai.

"To, ku ɗan ba mu wuri."

Da suka fita ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna dab da ita. "Inna, ni 'yar garin nan ce. Uwata majami'a take zuwa duk Lahadi, amma har gobe ba ta faɗi sunan yayanmu Sama'ila ba, sai dai ta ce wancan. Na san abin da ya rufe miki baki. Ki saurare ni: ba hauka ba ce, ba iska ba ce. Hankalinki na nan, na gani a idonki tun da kika shigo. Ciwon nan yakan kwashe wa mutum kalmomi ya bar masa guda, kuma ba shi ke zaɓa ba. Na ga wani dattijo mai mutunci da abin da ya rage masa ashar ne. Ke ai kin yi sa'a."

Wani sauti ya kuɓuce wa Inna Ummu ta hanci, rabi dariya rabi kuka.

"Yauwa, ashe muryar na nan. To ga sharaɗi. Ba zan iya gyara bakin da ke rufe ba, dole ki buɗe, kuma sunan zai fito, sau ɗari ma. Amma ni a ɗakin nan ba na jin sa. Duk lokacin da ya fito zan duba taga, in ya wuce mu ci gaba. Ban ji ba, ban gani ba."

Kara ke nan, irin wadda 'ya mai tarbiyya ke yi wa uwa. Inna Ummu ta daɗe tana kallon yarinyar nan. Sa'an nan ta buɗe baki, sunan ya fito da muryar da ta dishe don rashin aiki. Rifkatu ta juya tana kallon dogon yaro kamar yau ta fara ganin itace, ta juyo ta ce, "To Inna, mu fara da rufe leɓe, ki yi mini mmm."

Litinin da Alhamis suke zuwa. Aikin ba daɗi, kada wani ya yi maka ƙarya. Mace mai jikoki ana sa ta gaban madubi tana tura leɓe, tana ɗaga harshe, tana hura takarda. Sau da yawa ta koma gida a fusace ta ƙi cin abinci. A zama na huɗu Rifkatu ta kira Wasila ciki, ta ce ta ja Bisimilla a hankali, kamar yadda ake biya wa yara, ita kuma ta riƙe hannun hagun Inna tana ɗan bubbuga shi a kan tebur daidai da jan. Wasila ta ja sau ɗaya, ta ja sau biyu. A na uku bakin tsohuwa ya bi ta da kansa, ya wuce ta, ya shiga Fatiha, bai tsaya ba sai amin. Su uku suka yi ta kuka, har da mai gicciyen. Rifkatu ta ce abin da baki ya saba ja tun ƙuruciya sau da yawa yana da tasa hanyar daban. Inna Ummu ba ta damu da bayanin ba, ita dai ranar ta yi azahar da leɓenta na motsi.

Daga nan aka shiga kiran sunayen abubuwa. Rifkatu na da wasu katuna masu hotuna da aka aiko daga Turai, da jirgin ƙasa, da tuffa, da wani farin mutum-mutumi na ƙanƙara mai hancin karas. Inna Ummu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tattara da hannun hagu ta watsar a ƙasa. Rifkatu ba ta ji haushi ba, ta tsince su tana dariya.

"Kin yi gaskiya, Inna. Wasila, me take sayarwa?"

Alhamis ta gaba aka zo da kayan sana'a a cikin kwando: kajiji, farce, icen sandal, ɗan kasko. Rifkatu ta ɗauki kajiji ta kai mata hanci. Ƙamshin ya shiga, ya tafi can inda kakarta ke zaune tana daka. Sunan nan ya fara tasowa, Rifkatu ta duba taga. Aka sake. Aka sake.

"Ka… ka… jiji."

Kalmar farko ke nan da ta nema ta samu. Bayan wata biyu tana da kamar arba'in, tana harhaɗa biyu-biyu. Rifkatu ta kafa wa mutanen gida doka: ba mai ƙarasa mata magana, ba mai amsa gaisuwa a madadinta, in ta tsaya neman kalma a ƙirga goma a zuci kafin a taimaka. Aliya ce ta fi shan wuyar dokar, ba ta taɓa wuce huɗu ba. Wata rana kuma a ɗakin Rifkatu aka miƙa wa Inna wani icen sandal da Wasila ta sayo sabo. Ta shinshina, ta ɓata fuska, ta juyo ta dubi 'yarta.

"An… cuce… ki."

Rifkatu ta miƙe tsaye tana tafi. Jimla ce cikakkiya, ta farko, kuma faɗa ce. Wasila ta ce ba ta taɓa jin daɗin faɗan uwarta irin na ranar ba.

Duk wannan lokaci Mahamud ne ke kawo ta. Sau biyu a mako yake tasowa daga Zermu da sassafe, ya ɗauko adaidaita, ya ciccibe ta ya sa a ciki, ya tura keken har ƙofar ɗaki, sa'an nan ya fita. Ita ta ɗauka wajen masu shayi yake zuwa jira. Sunan kuwa yana ta raguwa. Da farko Rifkatu takan duba taga sau talatin a zama ɗaya, har tana cewa wuyanta ya ƙage. Ya koma sau goma, ya koma sau biyu. A wata na biyar aka yi zama guda cur bai fito ba.

"Inna, kin lura?" in ji Rifkatu. "Yau ban ga itacen nan ba ko sau ɗaya."

Inna Ummu ta ji sanyi har cikin ƙashinta. Mutuncinta ya dawo. A lokacin ta fara takawa da sanda, don haka ba ta jira a zo a ɗauke ta ba, ta lallaba ta fito da kanta don ta ba su mamaki. Ba ta ga kowa a baranda ba. Ta zagaya gefen ginin, sai ga shi zaune a ƙasa, ya jingina da bango daidai ƙarƙashin tagar, hularsa a gwiwa. Ƙasar wurin ta yi sumul, ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya. Ba zaman yau ba ne.

Ya zabura ya miƙe. "Alhamdulillahi, Inna. Na ji… an ce yau an samu ci gaba."

Yana murmushi, kuma murmushin gaskiya ne. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta haife shi ko da ba ta raine shi ba. Nan take ta gane. Wata biyar tana fama ta kori kalmar nan daga bakinta, shi kuma wata biyar yana tasowa daga Zermu ya zauna a turɓaya don ya ji ta. A adaidaita ta yi ta kallon duwatsun gari suna wucewa, zuciyarta ta yi nauyi.

Magana ta dawo mata, ba duka ba. Tana jan ta a hankali, wani lokaci kalma ta ɓuya sai ta zagaya ta. Hannun dama bai koma daidai ba, don haka Wasila ke juya turare, ita tana zaune tana shinshinawa tana ba da umarni. Mai ga-ruwa ya ce shi dai ya gode Allah, yanzu yana samun sauke jarka biyu kafin a iso kan kakansa. Ranar zama na ƙarshe ta kai wa Rifkatu kwalbar humra wadda ta jiƙa tun kafin ciwo, ta riƙe hannunta ta ce, "Ɗiyata. Allah… ya rufa miki asiri… yadda kika rufa mini." Duk Nowel, wato Kirsimeti, kuma sai ta aika mata turaren wuta har gida. In ana hira aka ambaci Rifkatu, takan ce likitoci sun tsayar da ita da ƙafa, amma wannan yarinya ce ta mayar da ita mutum.

Kalmar ortofoni ma ta zama tata. Ta yi mako biyu tana koyon furta ta, da ta samu kuwa ba ta sake ta ba. Ita ta tura maƙwabciyarta da jikanta mai in'ina, tana ja mata kunne cewa ba a farmasi ake sayarwa ba. In kuma wani ya cika surutun banza sai ta ce a kai shi ortofoni. Rifkatu ta aiko a gaya mata cewa aikinsu bai haɗa da maƙaryata ba.

Aliya ta taɓa tambayarta, tana ɗan jin nauyi, me ya sa duk kalmomin duniya wannan ce ta rage. Inna Ummu ta yi shiru har Aliya ta ƙirga goma cif, karo na farko a rayuwarta.

"Ɓarawo… abin da ke kan faifai yake kwashewa. Wannan… a ƙasan adaka yake."

Da shekara ta zagayo ruwan farko ya sauka, Mahamud ya zo sallama, don shuka za ta riƙe shi a Zermu makonni. Da hantsi ne, tana zaune a tsakar gida gaban kasko, Wasila na juya turare, Aliya na tsince farce a faifai. Ya durƙusa inda ya saba, taku biyu daga tabarma, ya dubi ƙanwarsa.

"Ki ce mata zan koma, sai an gama noman farko."

Inna Ummu ta kalli bango kamar kullum. "Ki gaya wa Ɗan Zermu…" Sai ta tsaya. Ba wanda ya taimaka, an ɗauka kalma take nema. Ta juyo da fuskarta daga bangon, ta dube shi sosai, da gemunsa da furfurarsa da idon ubansa.

"Mahamud."

Muciya ta faɗi daga hannun Wasila. "Wayyo Allah, ciwon ya dawo!" Aliya ta riga ta miƙe tana laluben mayafi, tana cewa a kira adaidaita.

"Ku zauna," in ji Inna Ummu. "Ƙalau nake. Na da… ciwo ne ya faɗa. Wannan… ni na faɗa."

Ta sake dubansa, ta jira, yadda aka taɓa gaishe ta aka jira. Sau ɗaruruwa ya ji sunan nan ta taga bai amsa ba, don ya san ba kiransa ake yi ba. Mutum mai shekara arba'in da huɗu ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita, sai da ya sake gwadawa.

"Na'am, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Tashi ka tafi… kada rana ta yi maka."

Ta juya wajen kasko ta sa bakin zane tana goge ido, ta ce wa Wasila ta rage wutar nan, hayaƙi ya yi yawa.